Ƙafar Barewa da Farin Layi

Auta,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya kamar yadda muke a nan. Ya sanyin dutse? Ka ce tari ya kama ka, to ka riƙa rufe ƙirjinka, na san ka da yawo da singileti kamar ɗan dambe. Ni dai gwiwar nan tana nan tana damuna in na daɗe a kan keken ɗinki. Baban Barewa lafiyarsa ƙalau, yana gaishe ka. Abin dariya, kai da kake kafa wa duniya turakun waya, kai ne ba a samu a waya, sai an bi ka da takarda a motar kayan abincinku kamar zamanin kakanni.

Ba gaisuwa ce ta sa na ɗauki biro ba. An cuci 'yarka Barewa.

Ka san tseren ƙarshe na 'yan makaranta, wanda duk yarinyar da ta zo ta ɗaya a mita ɗari huɗu za a ba ta gurbi a makarantar horar da 'yan wasa. Barewa ce ta zo ta ɗaya, Auta. Da idona na gani, na yi ihu har ɗankwalina ya faɗi. Ta bar ta biyu da tazarar da za ka shimfiɗa tabarma a ciki. Muna cikin murna sai wani tsoho mai tabarau, alƙalin da ke tsaye a kwana, ya ɗaga tuta, wai ta taka farin layi na ciki a kwana ta biyu. Nan take aka soke ta, aka ba wadda ta zo ta biyu gurbin. Ban san sanda na tsallake shinge ba. Na faɗa masa a gaban jama'a cewa ko dai gilashinsa ya mutu, ko kuma an sa masa hannu a aljihu. Kuma ban yi nadama ba.

Tun ranar yarinyar nan ba ta sake fita gudu ba. Ta jefa takalmanta masu ƙusa a saman kabad. Na yi mata magana ta ce, "Umma, in mutum zai yi gudu a ƙwace masa, gudun me zan ƙara yi?" Yarinyar da asuba ba ta taɓa samun ta a kan katifa ba, yanzu hantsi ke tashin ta. Wannan ne ya hana ni sukuni, ya ma fi gurbin ci mini rai.

Mai horar da su ya ce muna iya ɗaukaka ƙara kafin ƙarshen watan gobe, amma kwamiti ba ya sauraron baki, sai hoto. To hoto muna da shi. An nuna tseren a talabijin, Babanta ya zauna a gida ya danna jan maɓallin nan kamar yadda ka koya masa, 'yar na'urar da ka soka wa kwamfuta ta ɗauka tun daga farko har ƙarshe. Sai dai ga inda gizo ke saƙar. Kafin mu zauna mu kalla, kwamfutar ta fara nauyi kamar an ɗora mata dutse, na kai wa mai shagon bakin titi da ake ce wa Injiniya, ya wanke ta tas. Fayil ɗin yana nan a baƙin akwatin ajiyar da ka bari, amma in na danna shi sai allo ya yi baƙi ƙirin, murya kawai ke fita. Ina jin mai sharhi yana kiran lambarta, ina jin ihun mutane, har nawa ihun na gane, amma ko inuwa ban gani ba. Wani ɗan rubutu yana fitowa yana maganar kodek. Wane ne kodek, kuma a ina ake sayen sa?

Ka amsa da motar da za ta sauko. Kada ka yi mini nawar nan taka.

Yayarka

Yaya,

Na samu takardarki, a tsaye na karanta ta a gindin mota kafin direba ya gama sauke buhuna. Tarin ya yi sauƙi, kuma ina sa riga, ki kwantar da hankalinki. Ke ma ki daina zama a kan keke tun safe har yamma ba miƙewa. Ki gaida Baban Barewa. 'Yata kuma ki ce mata Kawu ya ji, kuma ransa ya ɓaci ƙwarai.

Ba a sayen kodek, Yaya, kuma ba mutum ba ne. Tashar talabijin ba ta aiko hoto a buɗe. Naɗe shi take yi ta ƙulle don ya yi ƙanƙanta ya bi iska, murya a ƙulli ɗaya, hoto a wani ƙullin, duka a jaka guda. Kodek shi ne hannun da ya san yadda ake kwance ƙullin. Da Injiniyanki ya wanke kwamfutar, ya bar mai kwance murya, ya zubar da mai kwance hoto. Shi ya sa kike jin ihunki ba kya ganin ɗankwalinki.

Ga abin da za ki yi, bi da bi. Da farko ki kwafi fayil ɗin, ki bar asalin a baƙin akwati, kada kowa ya taɓa shi ko da ya ce ni na aiko shi. Duk gwajin da za a yi, a kan kwafin za a yi. Sannan ki buɗe aljihun teburin da nake zama, a ƙarƙashin tsofaffin cajoji akwai shuɗin filashi mai igiya. A cikinsa akwai manhajar kallo guda ɗaya, ita da kodek ɗinta take tafe, ba ta roƙon na kowa. Ki sa ta a kwamfutar, duk abin da ta tambaya ki amsa mata da e har ta gama. Kada ki danna fayil ɗin kai tsaye, tsohuwar manhajar ce za ta yi wuf ta karɓe, ki koma gidan jiya. Ki buɗe sabuwar tukuna, sannan ki ja fayil ɗin ki jefa mata.

Abu biyu na roƙe ki. Kada ki bari wani ya loda miki tarin kodek daga intanet, irin waɗanda ake tattarowa kamar kayan gwanjo. In suka yi yawa faɗa suke yi a kan wa zai fara, ƙarshe babu mai yin aikin. Kuma kada ki yarda a ce za a rage miki fayil ɗin don ya shiga waya. Abin da aka rage ya tafi ke nan, kamar yadin da kika riga kika sa wa almakashi.

Akwai na uku, amma shi ba na kwamfuta ba ne. In hoto ya fito, ki fara kallon sa ke kaɗai, a nutse, kafin ki nuna wa kowa.

Ƙanenki,
Auta

Auta,

Muna lafiya, gwiwa da sauƙi. Na gaishe ka a taƙaice domin raina a ɓace yake.

Takardarka ta yi nawa a hanya, ni kuma ka san ni da jira ba ma ga maciji. Kafin ta iso na riga na ɗauki baƙin akwatin na koma wurin Injiniya. Kada hankalinka ya tashi, asalin yana nan, Babanta ne ya hana a goge, ka san shi ko leda ba ya yarwa. Injiniya ya juya fayil ɗin, ya rage shi, ya tura mini a waya. Kuma ya fito! Na ga 'yata a kwana ta biyu, ƙafarta kamar hayaƙi don tsabar gudu, ga farin layi nan ɗoɗar, babu abin da ya hau kansa. Na nuna wa matan da ke kawo ɗinki, na nuna wa mai shagon kusa da mu, na nuna wa mai horarwa. Kowa ya ce zalunci ne ƙiri-ƙiri. Mai horarwar ne kaɗai ya yi ta juya wayar yana cewa hoton ya yi dishi-dishi, amma shi dama tsoron manya yake yi. Na riga na shigar da ƙara, har an ba mu rana.

Sai ga takardarka ta iso. Ina karantawa ina dariyar maganar ɗankwali, har na zo kan inda ka ce in kalla ni kaɗai kafin in nuna wa kowa. Me kake nufi, Auta? Na maimaita layin nan har na haddace shi. Kana can kan dutse, ba ka ga tseren ba, amma har ka bi bayan tsoho mai tabarau? Kai da ka saya mata takalmin gudu na farko, kana bin ta a kan keke kana haki? In kana ganin 'yarka ta taka, ka fito fili ka faɗa, ka daina yi mini hannunka-mai-sanda.

Duk da haka na bi abin da ka ce, don kada gobe ka ce ban ji magana ba. Na samu shuɗin filashin, tare da almakashina ƙarami da na yi shekara ina nema ina zargin mutane. Na sa manhajar, na ja fayil na jefa mata. Hoto ya fito a babban allo, wannan kam na yarda ka san aikinka. Amma wane irin hoto! Kowa ya yi tsawo ya rame kamar an matse filin a ƙofa, alƙalin nan ya koma sandar rake. In mutum yana tsaye, ras ake ganin sa. Da zarar ya motsa sai gefen jikinsa ya tsattsage kamar haƙoran matsefi. Ƙafafun masu gudu kuwa ba a magana, kowace ƙafa ta zama biyu an saƙa su cikin juna. Gaskiya ɗaya ce, na Injiniya ya fi naka kyan gani.

Barewa ba ta kalli ko ɗaya ba. Na miƙa mata wayar, ta kau da kai ta ce, "Umma, ko na gani me zai canza? Su ne da tuta." Jiya ƙawayenta sun biyo mata da kayan gudu a jikinsu, ta ce in ce tana barci. Na faɗa musu ina jin kunya, domin suna jin motsinta a ɗaki.

Ka faɗa mini yadda zan cire matsefin nan. In kuma ba ka so, shi ma ka faɗa.

Yayarka

Auta,

Lafiya kuwa? Shiru ya yi yawa. Na je ofishinku na cikin gari inda nake barin takardu, mai gadi ya ce shi bai ga motarku ba, bai kuma san dalili ba.

In fushi kake yi da maganata, ka ajiye shi sai bayan zaman kwamiti, in ka dawo mu yi shi a zaune. Ni na yi maka wanka, na san inda fushinka yake ƙarewa. In kuma tarin ne ya kwantar da kai, ka sa wani ya rubuto mini ko layi ɗaya ne. Yau na ɗinka hannun rigar mutane a baibai, sai da mai ita ta zo gwadawa na gani. Ba na iya zama, ba na iya tsayuwa, in na ji ƙarar mota a bakin titi sai na leƙa.

Ranar tana matsowa. Mai horarwa ya ce kwamitin yana da babban allo, in na ga dama in kai na waya, in na ga dama in kai asalin. Takalman suna nan inda ta jefa su, har ƙura ta fara hawa.

Yayarka

Yaya,

Lafiyata ƙalau, babu fushi babu ciwo. Ruwa ne ya cinye hanya a gindin dutse, mota ta kasa hawowa, mu ma har mun koma auna abinci. Takardunki biyu tare suka iso, na fara karanta ta faɗan kafin ta lallashin, da na sani da na juya su. Allah ya ƙara wa gwiwa sauƙi, ki ba mai rigar haƙuri a madadina.

Game da layin da ya ɓata miki rai, wallahi ban san ko ta taka ko ba ta taka ba. Abin da na sani shi ne halinki. In kika ga abu da safe, kafin azahar unguwa ta gani. Na so ki ga hoto mai kyau kafin ki ɗora maganarki a kansa, shi ke nan. Ban bi bayan kowa ba, kuma da hanya tana nan da ni zan raka ki wurin kwamitin.

Ramewar mutane ba komai ba ce. Ki danna ɓangaren dama na linzamin kwamfuta a kan hoton, ki nemi inda aka jera lambobi biyu-biyu, ki zaɓi sha shida da tara. Kowa zai dawo da ƙibarsa, har alƙalin naki.

Matsefin ne babbar magana. Talabijin ba ta aiko cikakken hoto a lokaci guda. Ki ɗauka hoton yadi ne mai zare a kwance. Tana aiko zare na ɗaya, na uku, na biyar har ƙasa, sannan bayan abin da bai kai ƙiftawar ido ba ta aiko na biyu, na huɗu, na shida. Rabi biyu ne, kuma ba lokaci ɗaya aka ɗauke su ba. Akwatin talabijin ya san yadda zai nuna su ɗaya bayan ɗaya. Ita kwamfuta in ba a gaya mata ba sai ta haɗa su wuri guda, alhali ƙafar tana nan a rabi ɗaya, a ɗayan kuma ta riga ta yi gaba. Haƙoran da kike gani ke nan.

Injiniya bai cire matsefin ba, damawa ya yi. Ya gauraya rabin biyu, ya kuma rage fayil ɗin, shi ya sa ƙafa ta zama hayaƙi. Farin layi ba ya motsi, dole ya fito ɗoɗar, ko da ƙafa ta hau shi za a hango farinsa ta cikin hayaƙin. Hoton da ke wayarki bai ce ta taka ba, bai kuma ce ba ta taka ba. Ki yi haƙuri, haka abin yake.

Yanzu ki koma kan kwafin asalin. A wurin da kika gyara ƙiba, a ƙasa kaɗan, akwai layin da ke kula da saƙar nan. Ki kunna shi, zai ba ki zaɓi. Kada ki ɗauki na farko, shi ne mai damawa irin na Injiniya. Kada ki ɗauki mai zubar da rabi ɗaya, don watakila takun da ake magana a kai yana cikin wanda zai zubar. Ki ɗauki wanda aka sa wa alamar ninki biyu a gabansa. Shi ke mayar da kowane rabi hoto mai zaman kansa, babu abin da zai ɓace. In kwamfutar ta fara haki, ki rufe komai ki bar shi kaɗai. Ki kai kwana ta biyu ki tsayar, sannan ki riƙa danna maɓallin da ke matsar da hoto ɗaya-ɗaya. Za ki gane shi, shi ne wanda na ɗiga wa jan farcenki kika yi kwana biyu kina yi mini faɗa.

Gani ya kori ji. Ina addu'a ya fito yadda kike so.

Ƙanenki,
Auta

Auta,

Muna lafiya. Na gode Allah da ba ciwo ne ya riƙe ka ba. Ban san ta inda zan fara ba.

Na yi yadda ka ce. Da rana ne, Babanta ya fita da mota, ita tana ɗaki. Mutane suka dawo da ƙibarsu, matsefi ya ɓace, hoton ya yi tas har ina ganin inda na ɗinke mata lamba a riga. Na kai kwana ta biyu na tsayar. Na danna jan farce, na sake dannawa, na sake.

Ta taka, Auta. Ƙafar hagu ce, a kan farin layi, har gefen takalmin ya leƙa ciki. Na ce ko idona ne, na matsa gaba, sai ga shi ta sake takawa. Tsohon yana tsaye daidai wurin, kansa a sunkuye, idonsa a kan ƙafarta. Na koma baya na maimaita har na rasa adadi, kamar a wani karon za ta ɗauke ƙafar.

Na kashe kwamfutar na zauna a gaban keke, ban ɗinka komai ba har la'asar. Ina ta tuna mutumin da na ce an sa masa hannu a aljihu, watakila a gaban 'ya'yansa. Ina tuna matan da na tara ina nuna musu waya ina rantsuwa. Kunya ta kama ni a ɗaki ni kaɗai.

Yanzu ka saurare ni, kuma kada ka yi mini wa'azi. Mai horarwa ya ce in kai wa kwamiti wanda na ga dama. Na waya yana nan, kuma ba ni na ƙirƙire shi ba, daga fayil ɗin ya fito. Babu wanda ya san wannan sai ni, sai kai da kake karantawa yanzu. Ba takun nan a kan fenti ne ya ba ta tazarar tabarma ba, kowa ya san ta fi su gudu. In na kai na gaskiyar, gurbi ya tafi, kuma in ta ji ita ce ta jawo wa kanta, ina tsoron takalman nan ba za su sauko ba har abada. In na kai na hayaƙin, watakila su ce akwai shakka su mayar mata. Sai dai ita waccan yarinyar da aka ba, an ce uwarta har ta saya mata akwati. Wannan ma ya ƙi fita daga raina.

Ka gaya mini abin da zan yi. Na san da wuya takardar nan ta je ta dawo kafin ranar, amma na rasa wanda zan faɗa wa. Ko Babanta ban iya kallon idonsa ba.

Yayarka

Auta,

Gaisuwa mai yawa da fatan hanya ta gyaru, kun daina auna abinci. Mu duka lafiya. Amsarka ba ta iso ba, kuma ka huta, aikin gama ya gama.

Ba zan ɓoye maka ba, ana gobe zaman na riga na yanke cewa na hayaƙin zan kai, har na sa waya a caji. Da la'asar zuciyata ta ce in sake duba asalin sau ɗaya. Na tsayar da shi daidai kan ƙafar, na zuba masa ido. Ban ji fitowar Barewa ba, ruwa ta zo sha. Sai inuwarta na gani a kan allo. Na kai hannu zan rufe, ta riƙe mini hannu.

Ta ce, "Bari, Umma. Koma baya kaɗan."

Na ce, "Ba komai ba ne, 'yar nan, kawunki ne da saite-saitensa."

Ba ta ko kalle ni ba. Ta jawo kujera ta zauna, ta tambaye ni wane maɓalli ne, na nuna mata jan farce. Ta yi ta dannawa a hankali, ta koma baya tun kafin kwanar, ta sake biyowa. Ni kuwa ina jiran kuka.

Can ta ce, "Ashe na taka."

Na ce, "Fenti ne kawai, kin fi su gudu, kowa ya gani."

Ta ce, "Umma, na taka. Dubi kafaɗata, na kwanta ciki tun kafin in shiga kwanar. Malam mai horar da mu ya sha faɗa mini, ina cewa ya cika mita."

Sai ta yi dariya, hawaye yana zuba. Na ce me ya kawo dariya a nan? Ta goge fuska da gefen rigarta ta ce, "Na ɗauka ƙwace mini aka yi, Umma. In ƙwace ne ba ni da abin yi. Wannan kuwa ƙafata ce."

Ni da na yi wata guda ina yi mata yaƙi, ashe ni nake hura wutar da ta kwantar da ita. Na cire wayar daga caji, na goge na hayaƙin a gabanta.

Washegari muka je mu uku, har da Babanta. Na ce wa kwamiti na janye ƙarata. Tsohon yana zaune a gefe da tabaransa. Gwiwar nan tawa ba ta son durƙuso, amma ranar ta durƙusa. Na ce a gaban mutane na zage shi, a gaban mutane zan ba shi haƙuri. Ya ce, "Tashi, baiwar Allah, na saba da iyaye. Sai dai ke kin fi kowa murya." Aka yi dariya, ni ban yi ba. Sannan ya juya wurin Barewa ya ce mata bai taɓa ɗaga tuta ransa ya ɓaci kamar ranar ba, ya kuma tambaye ta shekarunta. Ya ce tana da damar sake shiga baɗi, daga nan kuma shekarunta sun wuce.

Gurbin bana dai ya tafi, kuma ya yi mini ciwo, ba zan ce bai yi ba. Matan ɗinki ina bin su ɗaya-ɗaya ina warware abin da na saƙa, kowace sai ta ce dama ita ta ga hoton da dishi-dishi. Layin nan naka na in kalla ni kaɗai kuma na sake karanta shi. To, na ji. Kada ka saba.

'Yarka ta ba ni saƙo. Ta ce ka rubuto mata yadda za ta saita kwamfutar ta riƙa ɗaukar manyan tseren da ake nunawa ko ba kowa a gida, kuma yadda zaɓin ninki biyun zai zauna ba sai ta kunna shi kullum ba. Wai so take ta ga yadda manyan 'yan tsere suke shiga kwana. Jan farcen maɓallin har ya fara gogewa, na ce ta ɗiga wani, ban yi faɗa ba.

Yau da asuba ƙarar kujera ce ta tashe ni, ana jan ta zuwa gindin kabad. Ban motsa ba, na yi kamar ina barci. Da gari ya waye na hau kujerar da gwiwar nan tawa na leƙa. Babu komai a sama sai shatin takalma biyu a cikin ƙura. Har yanzu da nake rubutun nan ba ta dawo ba, shayinta ya huce a kan tebur.

Ka riƙa rufe ƙirjinka.

Yayarka